Hotuna Uku a Wayar Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da shagon wayoyinku. Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Sau huɗu ina kiranka, sau huɗu kana cewa, "Yaya, kwastoma ya shigo, zan kira ki." Takarda dai ba a katse ta.

Me ka yi wa wayar Baba ranar da ka zo?

Ka sani, tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta ɗauke, wayar nan ce bakinsa. Hotuna uku na jera masa a fuskarta: nawa a sama, naka a tsakiya, na maƙwabcinmu mai kemis a ƙasa. Babban yatsansa na hagu ya haddace su, ko tabarau ba ya nema. In ya kira ni ina shago ya ƙwanƙwasa wayar da farce sau ɗaya, lafiya lau ke nan. In sau biyu ne, sai in bar keken ɗinki in taho. Shekara uku muna haka. Wayar kuwa ta daɗe tana damuna wai in sabunta manhajarta, ni kuma ina danna mata "daga baya", don ban ga abin da ya lalace ba balle in gyara.

Ka zo ka kwana ɗaya ka tafi, muka wayi gari waya ta canza kama. Hotunan sun ƙanƙance, sun koma wani lungu. In ya danna sai ta yi shiru kamar mai nazari, ya sake dannawa, ya sake, can sai ta farka ta buɗe masa abu uku lokaci guda. Cajin da ke kai mu magariba yanzu ko azahar ba ya gani. Jiya wayar ta kira masa mai kawo mana ruwa har sau biyar, bawan Allah ya turo kurarsa a guje ya zaci gobara ce.

Ba wanda ya taɓa ta sai kai. Ka faɗa mini yadda ake mayar da ita yadda take.

Ka gaida matarka.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na kuma ji zafin da ke cikinta tun kafin in buɗe ambulan. Tunda kin daina ɗaga kirana, ga ni ni ma na koma makaranta na ɗauki biro. Ina gaida Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ki yi haƙuri, amma ni caji kawai na sa mata. Wayoyin nan sukan sabunta kansu in sun samu caji da intanet, ba sai an sa hannu ba. Kuma maganar da mutane ke yi wai kamfani na rage wa tsohuwar waya gudu da gangan, hirar bakin titi ce. Kullum sai na amsa ta a shago. Gaskiyar ita ce sabuwar manhaja ta fi nauyi, batirin Baba kuma ya tsufa. Shekararta bakwai fa! Tun ina ɗaukar albashin farko aka saye ta. Ko ke kekenki na ɗinki ai kina canza masa bel. Sabuntawar nan ma don tsaro ake yin ta, kada ɓarayin intanet su shiga.

Mayar da ita baya kam ba zai yiwu ba, bakin alƙalami ya bushe. Amma faɗuwa ta zo daidai da zama: ga sabuwa nan na ba direba, a kwalinta, ko ledar ba a ɓare ba. Fuskarta babba ce, sautinta tas, cajinta kwana biyu. Ki jera masa hotunan, sati ɗaya ya ishe shi ya saba. Baba ai ba yaro ba ne.

Ki sassauta mini, Yaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Sallama irin ta addini, don ita ba a hana ta ko da an yi fushi.

Kwalinka ya iso. Ɓarayin intanet kuwa ka kwantar da hankalinka, ba abin da za su sata a wayar Baba sai hoton fuskarka.

Sabuwar ta fi tafin hannunsa faɗi. Hannu ɗaya gare shi, ko ka manta? In ya riƙe ta yatsan ba ya kaiwa, in ya miƙa yatsan ta suɓuce. Sau biyu tana faɗo masa a ƙirji. Ya tura ta ƙarƙashin filo ya koma wa tsohuwar, yana ta fama da ita kamar mai tashin jakin da ya kwanta da kaya.

Yanzu ka saurara. Ranar Talata ina shago da ɗinkin makaranta a gabana, riga arba'in, wayata a kan tebur kusa da almakashi. Har la'asar ba ta yi ƙara ba, na ce yau Baba ya samu barci. Da na dawo na tura ƙofa, wari ne ya fara tarbata. Tun hantsi yake neman a kai shi bayi. Na duba wayar: sau goma sha ɗaya ya danna inda hotona yake a da, ita kuma tana buɗe masa kalanda, har ta mutu a hannunsa. Auta, mutumin da ko hularsa ba ya bari ta karkace. Na wanke shi, na canza zanen gado, fuskarsa na kallon bango, hawaye na shiga masa kunne. Ni ma na yi kukan, amma a bayan gida, don kada in ƙara masa.

Na kai wayar wurin mai gyara na ƙarƙashin benen kasuwa. Ya ce shi bai san zuciyar kamfani ba, abin da ya sani sabuwar manhajar riga ce da aka yanka a jikin sabbin wayoyi, aka ce tsofaffi su sa. Wannan na gane, sana'ata ce. Amma ya nuna mini wani abu: wurin da ake ba ta izinin sabunta kanta a kashe yake, yadda na bar shi. Ya ce sai da wani ya shiga, ya danna, ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce e.

Ni ban danna ba. Baba bai iya ba. Saura wa?

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Kwana uku takardarki na aljihuna, na kasa cin abincin kirki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na danna.

Sau biyu ina kawo wa Baba sabuwar waya, sau biyu yana ture ta da bayan hannu, ke shaida ce. Zuwan nan da abokin aikina muka zo, shi ya tuƙo ni. Ya ga wayar Baba ɗaure da roba, gilashi a tsage, ya yi dariya ya ce, "Kai da ke sayar wa duniya waya, ta tsohonka ke nan?" Maganar ta tsaya mini a wuya.

Kuma abin da na rubuta miki na hirar bakin titi, rabinsa ne gaskiya. Ban san ko da gangan suke yi ba, wallahi ban sani ba. Abin da na sani, duk satin da sabuntawa ta fito mai shagonmu yakan ce a cika kanta da kaya, kuma ba ya kuskure. Mutane su shigo suna tsaki, waya ta yi nauyi, mu kuma mu girgiza kai mu ce ai ta tsufa, mu miƙo musu sabuwa. Shekara shida ina wannan. Sai na ce bari in yi wa Baba dabarar da na ga tana ci: ta ɗan yi masa nauyi, ya gaji, ya karɓi tawa. Yana barcin rana na ɗauke ta daga gefen filonsa. Ko kaɗan ban tuna da hotunan ba. Ban tuna da ke a shago ba.

Kullum da safe Baba yakan kira ni, in yi ta surutu ina buɗe shago, shi yana ji, in na gama ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Yau sati uku ban ji wannan ƙarar ba, kuma ni na jawo.

Zan nemo ƙarama daidai hannunsa, in zo da kaina in zauna har ya saba. Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Auta

Don Allah kada ki bari Baba ya san abin da ke cikin takardar nan.

*

Auta,

Wa alaikumus salam.

Roƙonka a ƙasan takarda ka sa shi, ni kuwa daga sama nake fara karatu. Da direba ya kawo ta Baba ya gane rubutunka a ambulan, ya nuna kunnensa, na zauna a bakin gado na karanta masa da ƙarfi. Da na kai inda ya kamata in tsaya, ya riƙe mini hannu sai da na ƙarasa.

Ba sai ka nemo wata ba. Mai kemis ya ba mu tsohuwar wayar matarsa, daidai hannun Baba, ba a taɓa sabunta ta ba. Jiya na zauna jera masa hotuna. Na sa nawa, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Na sa na mai kemis, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Da na kawo naka sai ya ɗora yatsa a kan fuskarka, ya daɗe yana kallo, sannan ya ture hannuna.

Hotuna biyu ne a wayar yanzu. Na bar gurbin tsakiya ba kowa, ban san ko zai nema ba.

Ka gaida gida.

Yayarka