Akwatin Mishmish

Azrou, Maroko, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Ibtissam,

Bayan gaisuwa da addu'a, ina fata kina lafiya, aikin gonar Sifen ɗin bai karya miki baya ba. Mu kalau muke, sai kewarki.

Saƙonki ya iso. Ƙanenki Anas ya kawo shi daga Kasablanka a cikin 'yar roba mai hudajjen murfi. Ibtissam, duk duniya ki rasa abin aiko wa 'yarki sai maciji? Anas ya yi ta rantsuwa wai ba shi da dafi, macijin masara ake ce masa, na kiwo ne kamar kyanwa. Na ce ni ban taɓa ganin kyanwar da ake ajiye wa jariran ɓera a firjina kusa da man shanu ba. Amma 'yar taki Ghita, tun tafiyarki ban ga haƙoranta ba sai ranar. Ta raɗa masa Mishmish, sunan ɗan itacen nan mai ruwan lemo, saboda launinsa. Kaurinsa ko ɗan yatsana bai kai ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa babanki bai sake leƙa shagonsa ba, kullum yana bakin taga kamar an dasa shi. Anas na cewa za a sayo akwatin gilashi, sai Ghita ta ce, "Wane saye, ga kafinta a gida? Kaka, ko hannun ya mutu ne gaba ɗaya?" Ya harare ta ya ce, "Ja'ira, miƙo min makulli." Ni dai kicin na shige na sha kukana.

Ki kula da kanki.
Mahaifiyarki, Zhor

Azrou, ranar Lahadi

'Yata Ibtissam,

Ina gaishe ki da kyau. Ya sanyi, ya ciwon gwiwar nan taki?

Akwati ya kammala. Babanki katakon al'ul ya ciro, itacen nan mai ƙamshi, ragowar wanda ya yi miki akwatin aure da shi. Ya ce dabbar jikarsa ba za ta kwana a katakon banza ba. Ghita ce ke riƙe masa, shi yana jan zarto da hannu mai lafiyar, suna yi suna faɗa. Gilashi a gaba, ragar waya a sama, ko allura ba ta samun hanyar fita, don Anas ya ce ɗan banzan gwanin sulalewa ne. An sa masa kwanon ruwa, da fasasshen kasko na ɓuya, da faifan lantarki mai ɗumama gefe guda. Sannan tsohon ya goge al'ul sabo, ya shimfiɗa ɓarɓashin a ƙasa da kauri. Ɗakin Ghita ƙamshi kamar na amarya.

Yanzu babanki har ƙari yake nema a tuwon kuskus, har tsokanata ya dawo yi.

Mishmish ne dai ya ƙi abinci. Yini yake yana goga hanci a gilashi, baki a buɗe. Ghita ta ce baƙunta ce, babanki ya ƙara masa ɓarɓashi don ya ji taushi.

Allah ya tsare min ke.
Mahaifiyarki, Zhor

Azrou, ranar Alhamis

'Yata abin ƙaunata,

Ina gaisuwa, da fatan wannan ta same ki lafiya. Ni kam zuciyata ba daɗi.

Mishmish ya mutu. Da numfashinsa ya fara fita da ƙara, muka ɗauki akwatin a tasi zuwa wurin wata likitar dabbobi a Meknes. Tun kafin ta ɗaga murfin ta shinshina ta dube mu. Ta ce ƙamshin al'ul guba ne ga maciji, ƙone masa huhu yake yi, balle jariri. Ta mayar da shi roba da farar takarda a ƙasa, amma an makara. Washegari Ghita ta same shi a miƙe.

Ibtissam, tun ina yarinya nake cusa guntayen al'ul cikin barguna don ya kori asu. Na san ƙananan halittu ba sa jure shi. Ina tsaye ana shimfiɗa shi, har yabon ƙamshin nake yi. Farin cikin ganin babanki da zarto a hannu ya rufe min ido, kuma abin yana cina.

Muna dawowa daga Meknes babanki ya shige ɗakinsa. Ghita ce ta je ta same shi ta ce ya yi mata ɗan ƙaramin akwati ta binne shi a ƙarƙashin ɓaure. Ya ce, "Ba ni da wani katako sai shi." Ta ce, "Yi da shi, Kaka, ai yanzu ba ya jin ƙamshi." Ba da nufin ɓata masa rai ta faɗa ba, amma na ga yadda fuskarsa ta yi.

Ya yi akwatin, ban taɓa ganin haɗin katako mai kyau irinsa ba. Da ya gama ya share shagon tas, ya kulle, ya damƙa min makullin ya ce kada ya sake ganinsa. Ya koma bakin tagarsa. Ghita ta kai masa shayi yau, ya kasa haɗa ido da ita.

Don Allah kada ki aiko wani. Ki kira babanki, ki yi masa hirar komai ban da wannan.

Makullin na ɓoye shi a akwatin bargunana, ko wata rana zai tambaya. Duk sanda na ɗaga murfin, ƙamshin nan ne ke fara tarye ni.

Ki sa mu a addu'a.
Mahaifiyarki mai kewarki, Zhor