Fim ɗin da ke cikin kyamarar babanki

Lieke,

Na tafi aiki, ban so in tashe ki ba. Kyamarar da na saya miki tana kan teburin kicin. Ta hannu ce, amma tana ɗaukar hoto da bidiyo, kuma gilasan kyamarar marigayi babanki duka uku sun hau kanta. Shi ya sa na zaɓe ta.

Kuɗin bai kai ba jiya, sai na ba mai shagon tsohuwar kyamarar babanki ciko. Garin in nuna masa lafiyarta ƙalau, na buɗe bayanta da hannuna. Ashe akwai fim a ciki. Ya yi wuf ya rufe, ya ce, "Ayya, haske ya riga ya shiga."

Rabon babanki da ita tun zuwanmu tsibirin Texel, ranar da ya tsayar da mu cikin iska yana ɗaukar mu hoto har kika yi fushi. Shekara biyu hotunan suna zaune lafiya, sai da na taɓa.

Mutumin ya ce wataƙila hotunan farko su tsira. Fim ɗin yana firij, bayan man shanu. Ki kai a wanke, ni na kasa. In babu kowa a ciki, ki bari sai gobe ki gaya mini.

Ki yafe mini.
Mama