Awa Biyar da Kwata

Litinin, 4 ga Nuwamba

Tikitin Mama ya fito. Daga filin jirginmu na Comalapa zuwa Los Angeles, kilomita dubu uku da ɗari bakwai da 'yan kai, awa biyar da kwata. Na karanta mata sau uku.

"Ƙarya ne, Malama. Ƙaninki Wilfredo kwana talatin da ɗaya ya yi a hanya."

Na ce shi ta ƙasa ya bi, a bayan motocin kaya. Ta ce ƙasar ai ba ta tsuke ba. Shekara tara ina koyar da ilimin taswira a jami'a, a gidanmu kuma an kayar da ni.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na buɗe akwatinta. Bargo, tocila, ashana, busasshen cuku mai isar wata guda. Ta ce in ba za a bar ta da guzurinta ba, ta fasa tafiyar. Shekara goma sha huɗu rabonta da ganin ɗanta, amma tocila ce za ta hana.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Wilfredo ya kira. Na miƙa mata wayar kamar kullum. Ba ni da abin faɗa wa mutumin da ya tsallake da asuba ya bar mini uwa da hawan jininta.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Gwaggo Chabela, ƙanwar marigayi Baba, ta zo. Na zayyana mata kilomitoci, ta kalle ni da tausayi, ta juya wajen Mama.

"Ke Yaya Tere, mutanenmu ba da soyayyiyar kaza a kwali suke shiga jirgin nan ba? Jikana ya ce da ɗuminta take isa."

Mama ta ce, "Da ɗuminta?"

Ta fitar da tocilar daga akwatin da hannunta. Abin da digirina biyu suka kasa, cinyar kaza ta yi.

Ta kuma rantse ɗanta ba zai ci ta shago ba. Jar kazarmu ta shiga uku.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ni na soya, don hannunta rawa yake. Na sa tafarnuwa da yawa. Ba don kowa ba, haka ake soya kaza.

Mu goma sha ɗaya muka raka mutum ɗaya. A bakin ƙofar shiga ta rungume kwalin kazar, ta ce, "Awa biyar kawai, Xiomara. Ƙaninki kuma wata guda, da ƙishirwa." Ban taɓa jera lissafin biyu wuri ɗaya ba. Ban ji daɗinsa ba.

Jirgi ya tashi tara da rabi. Na zauna gyaran takardun ɗalibai, na duba agogo sau da yawa.

Bayan huɗu na yamma saƙo ya shigo, daga lambar Wilfredo: "Da sauran ɗumi. Tafarnuwar nan ba hannun Mama ba ce, Yaya."

Na rubuta masa cewa a kimiyyance ba zai yiwu a ce da ɗumi ba. Sai na goge.

Na rubuta, "Ka ci fukafukan tukuna, su ke fara hucewa."