Zuwa ga Sumaila, ƙanena da ya yarda da mutanen cikin waya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a can wurin haƙar zinariya. Na rubuta a nan shafin sada zumunta inda kowa zai karanta, don ba ka ɗaukar kirana, amma na san ba abin da ke wuce ka a waya.

Shekarar da ka bar lakkwal, ka aje karatun boko ka koma gona abin ya fara. Da an taso daga noma sai ka keɓe kana kallon bidiyon wasu maza da ba su san inda garinmu Filinge yake ba, suna cewa namiji gajere marar mota ya haƙura, ba macen da za ta dube shi. Ka daina zuwa biki, ka daina shiga hoto. Ran da na tarar kana auna tsawonka da gawayi a jikin ƙofa, dariya na yi maka. Na yi kuskure, ka yafe mini.

Abin da kake cewa kullum shi ne, "Yaya, an gama rabo tun ran haihuwa."

Ka tuna Ramatu, ɗiyar maƙwabtanmu mai sai da kopto, kwaɗon ganye? Duk ran kasuwa sai ta aiko da kwano, ta ce na Sumaila ne. Ka ce tausayinka take ji. Har bakin rijiya ta tare ni ta ce, "Wai ƙanenki yana da wata ne?" Na kawo maka maganar, ka ce ba'a ce. Bayan girbi ka shiga mota, ka ce sai ka zama wani za ka dawo.

Damina biyu ta jira. Watan jiya aka ɗaura mata aure da wani tela na garin Damana. Na je. Keken ɗinki ɗaya gare shi, kuma ka fi shi tsawo. Ba don in ƙona maka rai na faɗa ba, gara ka ji daga bakina.

Yanzu maganar Inna ce ta dame ni. Idonta ya yi rauni sosai, sai mutum ya matso dab take shaida shi. Ba ta tambayar me ka samu. Ka zo tun tana iya ganin fuskarka.

Allah ya tsare ka a cikin ramin nan, ya sanyaya zuciyarka, ya maido mana kai lafiya.

Yayarka,
Habsu