Rasuwar Malam Ashiru Garba, Jagoranmu a Zaman Neman Ƙarin Albashi

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ma'aikatan Jiragen Sama, reshen jihar Maraɗi, ta samu labarin rasuwar mataimakin sakatarenta, kuma jagoran wakilanta a zaman neman ƙarin albashi, Malam Ashiru Garba Cadakori, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan gajeriyar jinya, aka kuma yi jana'izarsa a mahaifarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ɗan makiyaya ne. Daga bin shanu ya shiga lakol, wato makarantar boko, daga lakol ya kama aiki a wurin awon kayan fasinja, nan kuma furfura ta same shi. Duk lokacin jigilar alhazai, tsofaffin Gidan Sori da na rugagen Gazawa shi suke nema, don yana jin Fulatanci, kuma ba ya gajiya da wanda bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba. A teburin tattaunawa kuwa, shugabannin kamfani sun san shi sarai: ba ya ɗaga murya, ba ya kuma tashi daga teburin da wuri.

Bara, da zaman ya cije, da yawa daga cikinmu, tun daga masu tuƙi har masu dakon kaya, sun ce a shiga yajin aiki a daidai lokacin jigilar alhazai, domin a nan kaɗai kamfani ke jin maganarmu. Ba su yi ƙarya ba, hatsi ya yi tsada, albashi yana nan inda yake. Malam Ashiru ya ƙi. Ya ce tsohuwar da ta sayar da saniyarta don ta ga Ka'aba ba ita ta hana mu ƙarin ba, ba kuwa zai bar ta kwance a filin jirgi ba. An ce masa mai taurin kai, ya yi murmushi ya ce gado ne. Taro ya bi ra'ayinsa da ƙyar, alhazai suka tafi suka dawo lafiya, zaman kuma ya ci gaba da jan ƙafa har yau.

Ba za mu ɓoye abin da ya fi yi mana ciwo ba. Tun da ba a sa hannu a sabuwar yarjejeniyar ba, haƙƙin da za a ba magadansa bisa tsohon albashi za a lissafa shi. Haƙurin da ya roƙe mu mu yi, gidansa ya fara shafa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarsa Gogo Barira, da maiɗakinsa Malama Zaituna, da 'ya'yansa, da mai girma hakimi da dattawan Cadakori. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi, Ya raya abin da ya bari.

Muna kuma sanar da kamfani da jama'a cewa bana ma ba za mu tsayar da jirgin alhaji ko ɗaya ba. Amma wakilanmu ba za su sa hannu a kowace yarjejeniya ba, komai daɗinta, sai ƙarin ya haɗa da marayun Malam Ashiru.

Habsatu Yahaya Tibiri
Mai magana da yawun Ƙungiyar Ma'aikatan Jiragen Sama, reshen jihar Maraɗi