Hoton Ɓarawo a Bangon Falo

Jikata ta gama! An karɓi bincikenta, an buga a mujallar masana, ga sunanta ɓaro-ɓaro a sama! Af, assalamu alaikum, Malama. Murna ce ta sa na faɗo babu sallama. Taimako nake nema, don murnar nan tana neman raba ni da mai ɗakina.

Ni tsohon magini ne. Sai da furfura ta fito na shiga ajin manya na yamma, shi ya sa na kwana tara ina kokawa da takardar tata ban wuce layi na huɗu ba. Da ta ga zan hallaka, sai ta yi mini bayani da yaren birkila. Ashe ƙashin mutum gini ne da ba a gamawa. Akwai ƙwayoyin halitta masu ɗora sabo, akwai masu rushe tsoho, kowa da aikinsa. To idan sankarar mama ta yi ƙarfi, wasu ƙwayoyinta sukan bi jini su sauka a ƙashi kamar baƙi. Su ba su da guduma. Sai su hure wa maginan kunne, maginan su yi ta kiran masu rushewa. Duk inda aka rushe kuma, abincin baƙin ne ke fitowa daga ɓaraguzan, su ci su hayayyafa, su ƙara zuga. Malama, shekara arba'in ina fama da irin waɗannan 'yan kwangila, ban san har cikin jiki suna nan ba!

Ta ba ni hoton da ta ɗauka da madubin ɗakin bincike mai girmama ƙwayoyin halitta, ja da shuɗi kamar atamfa. Na kai aka faɗaɗa shi ya kusa kai ƙofa, na kafa a falo. Duk wanda ya shigo sai ya sha darasi. Wanda bai gane ba, in ja shi tsakar gida in gwada masa a jikin katanga da guduma. Yanzu katangar ta yi taga, akuyar maƙwabcina tana leƙowa tana sauraro. Mai gyaran famfo ya zo aikin minti goma, sai da ya yi la'asar a gidan. Surukina ya koma gaisuwa ta waya. Matan unguwa kuwa da suka ji ana ta ambaton sankara, sai ga su sun zo dubiya da lemo.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai ɗakina ta daina shiga falon. Ta kwashe kujerarta da rediyonta ta koma bakin kicin. Mahaifiyar yarinyar nan, 'yarmu ta fari, ciwon nan ne ya ɗauke ta. Mun yi wata da watanni muna shafa mata man zafi a baya, muna cewa sanyi ne. Tsohuwar ta ce na rataye mata fuskar wanda ya kashe mata 'ya a inda take shan shayi. Na ce hoton ɓarawo ne da aka kama, kuma jikarmu ce ta kama shi. Ta ce ko an kama ɓarawo ba a ba shi falo. Yau kwana shida, daga “ga abinci” ba ta ƙara mini uffan.

Yarinyar za ta zo ranar Asabar. In cire, ta ga kamar ban yi alfahari da ita ba? In bari, ta tarar da kakarta a bakin kicin? Ki cece ni. Kuma ke da masu karanta wannan shafi naki kaf, ku zo ku gani. Ƙofa a buɗe take, katanga ma haka.

Tsohon Magini

Baba, wa alaikumus salam. Ina taya ku murna, Allah ya yi wa yarinya albarka. Amma don Allah a ajiye gudumar nan tukuna.

Kai aikin jikarka kake gani a bangon, Mama mai ɗakinka kuwa jinyar 'yarta take gani. Duk kuna da gaskiya. Sai dai kai kana da zaɓin inda za ka kafa ƙusa, ita ba ta da zaɓin abin da zuciyarta ke tunawa. Har ina zargin darasin da ka tsare mai famfo da shi, kai ma kukanka ke nan.

Ka sauke hoton kafin Asabar ka kai ɗakinka. Mai son darasi ya bi ka can da ƙafarsa. Ka toshe katanga, akuya ta samu ilimin da zai ishe ta. Ka kuma daina cewa an kama ɓarawo. Hanyar da yake bi ake ganowa, kuma aiki bai ƙare ba, kada mai jinya ya ɗauka magani ya fito daga gidanku. Matan dubiya in sun dawo, ka gajarta musu: wadda ta ji ƙullutu a mama, ko mai sankarar da ciwon ƙashi ya ƙi sakinta, ta nufi asibiti da wuri.

Sannan ka ja kujera ka zauna kusa da Mama. Kada ka yi mata bayanin ƙashi ko kalma ɗaya. Ka ambaci sunan 'yarku, ka yi shiru, ka bar Mama ta yi magana. Ranar Asabar ba bango jikarku za ta fara dubawa ba, fuskokinku za ta duba.

Allah ya jiƙan marigayiya, ya bar ku tare cikin lafiya.