Shanun da ke Wurin Labbo

Anka, 4 ga Oktoba, 2021

Yaya Safara'u,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya ke da Inna. Tunda an datse layin waya, ga takarda ta hannun direba.

Jiya na gamu da Labbo makiyayi a kasuwa, yana yi mini barka da shanuna. Waɗanne shanu? Ashe kuɗin da nike aiko maki tun bara don a gina wa Inna ɗakin bulo, maruƙa kika saya da su kika kai rugarshi a Gwashi. Wa ya sa ki? Ni na shiga rami, ni na shaƙi ƙura, ga shi ana zagina wai Jatau ya samu zinari ya bar uwarshi ɗakin laka.

Raminmu ya daina ba da komi. Abokina Sharu zai buɗe sabo, yana neman masu sa jari. Ki sayar da shanun duka ki aiko mini da kuɗina.

Ƙanenki,
Jatau

Gummi, 9 ga Oktoba

Jatau,

Muna lafiya, Inna na gaishe ka.

Ba ka ko ji kunya ba? Inna da bakinta ta ce ɗakinta bai yoyo, a aje maka wani abu tunda hannunka bai riƙo. Kai da ka sauya babur uku a shekara guda, ka liƙa wa maroƙa kuɗi a bikin abokinka Ishaq har ana takawa. Yau ina suke?

Shanu uku ne, saura biyu. Da damina, da ka yi wata biyu a Bukkuyum ba labari, ɗiyarka Humaira ta kama jijjiga. Likita ya ce gubar dalma ce, daga duwatsun da kake dakawa a tsakar gida. Matarka Marka ta zo nan da ita goye, ko kuɗin mota ba ta da. Bijimin cikinsu na sayar, shi ya kai su asibiti, shi ya ciyar da su sati uku. Marka ta roƙe ni in rufa maka asiri har ga kanka. Yau na gaji.

Biyun nan ba su shiga ramin Sharu. In ka isa, kai ni gaban alƙali.

Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Safara'u

Anka, 15 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na tambayi Marka, sai kuka. Na kwashe duwatsun daga gidan. Har yanzu ina jin haushin ɓoyon da kunka yi mini, kamar ba ni na haifi yarinyar ba.

Na gaya wa Sharu ba ni ciki. Na sayar da babbar wayata, kuɗin na hannun direba, a sai wa Humaira tunkiya. Duk Juma'a zan aiko da wani abu, komi ƙanƙantarsa. Ranar da na rubuto ina neman kuɗin, kada ki ba ni, ko da na zage ki. Don na san halina, zan zage ki.

A gaida Inna, ta yafe mini.

Ƙanenki,
Jatau